Yadda zaka sa otofokas ɗin DSLR ɗinka ya riƙa kama inda kake so

Duk wanda ya ɗan jima yana aiki da DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki wadda ake canza wa lens, ya san wannan takaicin, ka ɗauki hoto ka duba a ɗan sikirin ɗin bayan kyamara ka ga ya yi kyau abin sha'awa, sai ka je ka buɗe shi a kwamfuta ka ja shi ya girma ka tarar fuskar mutum ta yi dishi-dishi, amma labulen da ke bayansa ya fito tar har zaren jikinsa kana iya ƙirgawa. Da yawa daga cikinmu da sun ga haka sai su ce ai lens ɗin ne ya samu matsala ko kyamarar ce ta gaji, wani ma har ya sayar ya ƙara kuɗi ya sayi wata, kuma matsalar ta bi shi can. Ni dai abinda na yarda da shi shi ne mafi yawan lokuta kyamarar lafiyarta ƙalau, fokas ta yi shi, sai dai ta yi shi ne a inda ita ta ga dama saboda baka nuna mata inda kake so ba. Ita bata san amarya ba bata san ango ba, layi take nema da wajen da haske ya haɗu da duhu, duk inda ta fara samu nan zata kama.

Bari mu fara da abinda ke faruwa a ciki, don in ka gane shi sauran duk zasu zo maka da sauƙi.

Ka shiga ɗaki inda babu ƙura ka cire lens ka leƙa cikin kyamarar, zaka ga madubi a karkace. Shi ne yake tura haske sama zuwa tagar da kake sa ido. To tsakiyar madubin nan ba duka hasken yake mayarwa ba, yana barin wani ya ratsa shi, a bayansa kuma akwai wani ƙaramin madubi a maƙale wanda yake karkatar da wannan hasken ƙasa, can ƙasan akwatin inda wata sensa ta daban take zaune, aikinta kawai auna fokas. Sensar da take ɗaukar hoton kuma tana can baya a ɓoye bayan shota, bata ganin komai sai ka danna madubin ya ɗaga. Ka riƙe wannan da kyau don zamu dawo kansa, wacce take auna fokas daban wacce take ɗaukar hoto daban.

Yadda take aunawar kuwa, ka miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon dama ka kalla sannan ka rufe na hagu ka kalla, zaka ga yatsan yana tsalle gefe da gefe, in ka matso da shi kusa da hanci tsallen ya ƙaru. Haka sensar take yi, tana ɗaukar hasken da ya shigo ta wannan gefen lens da wanda ya shigo ta ɗaya gefen, ta kwatanta su. In sun zauna daidai da juna fokas ya yi. In basu zauna ba, tazarar da ke tsakaninsu ita ke gaya mata ta wane ɓangare za a juya lens kuma nawa za a juya, shi yasa take da sauri, bata laluɓe, kai tsaye take zuwa. Amma fa sai ta samu abinda zata kwatanta. Ka nuna mata farin bango ko sararin sama ko gaban farar shadda mara aiki, duka ɓangarorin biyu iri ɗaya zata gani, sai ka ji lens yana ta zuu zuu gaba da baya ya rasa wajen tsayawa.

Wani abu kuma da mutane da yawa basu lura da shi ba, kyamara tana yin fokas ne lens yana buɗe gaba ɗaya, ko ka saita f/8 ko f/11 (lambobin girman ƙofar hasken lens kenan, in lamba ta ƙaru ƙofar ta ƙanƙance) ba zai tsuke ba sai daidai lokacin da ka danna. Kenan lens ɗin 50mm f/1.8 ko a f/5.6 kake ɗauka yana ba sensar fokas haske mai yawa, shi kuwa 18-55mm ɗin da ke zuwa tare da kyamara in ka zuma shi zuwa 55 iyakar buɗewarsa f/5.6 ce, wanda shi ne bakin iyakar abinda yawancin kyamarorin nan ke iya aiki da shi. Shi yasa yake wahala da magariba ta yi.

Kafin ka shiga menu ka duba ƙananan abubuwa tukuna. Makunnin AF (otofokas) da MF (fokas da hannu) na jikin lens yana kan AF? Yana gocewa a cikin jaka ba tare da ka sani ba. Masu Nikon irin D7000 zuwa sama akwai wani kuma a jikin kyamarar ta gaba kusa da gindin lens, shi ma sai yana kan AF. Sai ɗan ƙaramin dabaran da ke gefen tagar ido, wannan na daidaita tagar da ƙarfin idonka ne, baya taɓa hoton ko kaɗan amma in ya goce komai zaka riƙa gani dishi-dishi ka zata fokas ne bai yi ba. Ka kalli lambobin da ke cikin tagar kana juya shi har su fito ras, shikenan ka barshi. Kuma kowane lens yana da iyakar kusancin da zai iya kamawa, 50mm f/1.8G na Nikon santimita 45 ne, na Canon mai motar STM santimita 35, in ka matsa fiye da haka don ɗaukar zobe ko lalle ba zai kama ba ko me zaka yi, sai ka ja baya.

Masu Nikon ku tsaya nan kaɗan don wannan ya ci kuɗin mutane. Kyamarar Minolta 7000 da ta fito a 1985 ita ta buɗe wannan zamani na otofokas, kuma a jikin kyamarar ta sa motar da ke juya lens. Nikon ma haka ta bi, mota a jiki da ɗan sukuru da ke shiga gindin lens yana juya shi. Canon kuwa da ta fito da EOS 650 a 1987 sai ta canza bakin lens gaba ɗaya ta mayar da motar cikin kowane lens, shi yasa duk lens ɗin EF na Canon zai yi fokas a kan kowace DSLR ɗinsu. Daga baya Nikon ta cire motar daga ƙananan kyamarorinta, D40, D60 da duk jerin D3000 da D5000 babu mota a jikinsu. To in kana da D3200 ko D5300 ka sayi 50mm f/1.8D saboda ya fi araha, zai ɗauru kuma zai ɗauki hoto amma da hannu zaka riƙa juya fokas har abada. Wanda aka rubuta AF-S a jikinsa zaka nema don shi da motarsa a ciki yake zuwa, wato 50mm f/1.8G. D90, D7000, D7100, D7200, D750 su suna da mota, tsofaffin lens ɗin suna tafiya a kansu. Sannan sababbin da aka rubuta AF-P basa aiki da tsofaffin jiki irin D90 da D3100, ka ɗaura ka gwada a shago kafin ka biya.

Yanzu babban aikin, zaɓen ɗigo. Waɗannan ƙananan akwatunan da kake gani cikin tagar ido suna yin ja, kowanne waje ne da sensar fokas take iya aunawa. Kyamara tana zuwa ne a saite ita zata zaɓa da kanta, kuma ɗabi'arta ita ce ta kama abinda ya fi kusa da ita ko wanda ya fi zane. Ka ɗauka kana wajen dina, amarya na tsakiyar fili ana mata liƙi, hannun wata ƙawa ya shigo ta gabanka riƙe da sababbin kuɗi ga awarwaro na ƙyalli, wallahi nan kyamara zata tafi, kuɗin su fito tar har lambar jikinsu, fuskar amarya kuma ta narke. Kyamara bata yi laifi ba, abinda aka saita ta ta yi kenan.

Maganin shi ne ka koma ɗigo ɗaya wanda kai zaka riƙa matsar da shi. Da farko ka sauka daga koren Auto ɗin nan ka koma P ko Av ko M, a Nikon P, A ko M, don a Canon in kana kan kore ma ba zata baka damar zaɓa ba. A Canon akwai botin a can sama ta dama inda babban yatsanka yake, mai alamar akwati da ɗigo-ɗigo, ka danna shi sai ka juya dabaran ko ka yi amfani da kibiyoyin baya. A ƙananan Nikon ka danna i ka shiga AF-area mode ka zaɓi Single-point, daga nan kibiyoyin baya su ke matsar da ɗigon, OK kuma ya dawo da shi tsakiya. A manyan Nikon botin ɗin yana tsakiyar makunnin AF da M ɗin can na gaba, ka danne shi ka juya dabaran gaba ka canza yawan ɗigo, na baya kuma ya canza yanayin fokas. In ka ga ɗigon ya ƙi motsi ka duba ɗan makullin da ke da harafin L a baya.

Sai ka ɗora ɗigon a kan ido, idon da ya fi kusa da kai. Mutum in ya kalli hoto ido yake fara nema, in ido ya fito ras ko kunne ya ɗan narke babu mai damuwa.

Amma ɗigon nan ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai mai layi ɗaya, wanda yake ganin zanen da ya gitta shi kawai, wani na tsaye yake gani wani na kwance, in zanen ya bi tsawonsa sai ya makance. Akwai kuma mai gicciye wanda yake ganin duka biyun, shi ne abin dogaro. Canon 600D, 1200D, 1300D, 2000D ɗigo 9 ne amma na tsakiya kaɗai ne mai gicciye. 60D da 700D duka 9 ɗin masu gicciye ne. 7D da 70D suna da 19 duka masu gicciye, 80D tana da 45. 5D Mark II duk da sunan da ta yi, 9 ne kuma na tsakiya kaɗai ne na kirki, 6D ma 11 ne da mai gicciye ɗaya, sai a 5D Mark III ta 2012 aka samu 61 wanda har 41 daga ciki kan zama masu gicciye gwargwadon lens ɗin da ka ɗaura. A Nikon, D3100 har zuwa D3500 ɗigo 11 ne ɗaya mai gicciye, D5300 da D7000 suna da 39 guda 9 na tsakiya masu gicciye, D7100, D7200 da D750 suna da 51 guda 15 masu gicciye su ma duk a tsakiya suke, D500 da D850 kuma 153. Ka nemo kyamararka a cikin nan ka san waɗanne ɗigo ne zaka iya jingina da su. In kana amfani da na gefe ya ƙi kamawa, ka ɗan karkata kyamarar kaɗan ya kama sannan ka daidaita ta, sau da yawa layin ne kawai bai gitta shi ba.

Sannan wajen da ɗigon yake aunawa ya kan ɗan fi akwatin da kake gani girma. In ka ɗora shi a gefen fuska, rabi fuska rabi labule mai zane, labulen zai ja shi. Wannan shi ne sanadin yawancin hotunan da baya ya fito mutum bai fito ba, musamman in mutumin yana nesa kansa ƙarami ne a cikin hoton. Ka tabbata jikin mutum ya cika ɗigon har ya yi saura, in fuska ta yi ƙanƙanta ka sauko wuyan riga ko aikin gaban riga, tunda a nesa duk kusan tazara ɗaya suke.

To tunda na tsakiya ya fi ƙarfi, mutane da yawa abinda suke yi shi ne su kama ido da shi, su riƙe shota rabi, su karkata kyamara su tsara hoton sannan su ƙarasa dannawa. Yana aiki, amma yana da iyaka kuma ya kamata ka santa. Lens ɗin 50mm a f/1.8 a kan kyamara irin 700D ko D5300, mutum yana mita 2 da kai, kaurin wajen da zai fito ras kusan santimita 11 ne kacal, in ka matso mita ɗaya da rabi ya koma wajen santimita 6. Shi kuma karkata kyamarar da kake yi bayan ka kulle fokas yana tura fokas ɗin baya, a mita 2 in ka karkata da digiri 15 ya goce da kusan santimita 7, ga kuma ɗan lilon da jikinka yake yi gaba da baya wajen numfashi. Kaga kenan ido ya fita, kunne ya shiga. Don haka in kana kusa kuma lens a buɗe yake sosai, ka daure ka matsar da ɗigon zuwa kan ido. In kana nesa ko kana f/5.6 ko f/8 ka kulle ka karkata abinka babu komai. Kuma dan Allah a daina ɗaukar mutum biyar a f/1.8, babu otofokas ɗin da zai fitar da su duka, layi biyu na mutane f/5.6 zuwa f/8 suke so, ka kama fuskar wani a layin gaba.

Sai yanayin fokas, guda uku ne. One Shot a Canon, AF-S a Nikon (saiti ne a kyamara, ba AF-S ɗin da ake rubutawa a jikin lens ba), wannan na abinda yake tsaye ne, ka danna rabi ya kama ya yi ƙara ya kulle. A wannan yanayin in bai kama ba shota ma ƙin dannuwa take yi, ba lalacewa ta yi ba. AI Servo a Canon, AF-C a Nikon, na abu mai motsi ne, muddin yatsanka na kan rabi yana ta bin abin yana gyarawa, har lissafi yake yi na inda abin zai kai kafin madubi ya ɗaga shota ta buɗe, kuma baya ƙara, kar ka tsaya jiranta. Na ukun AI Focus ko AF-A, wai kyamara ce zata gane da kanta ko abu na motsi ko yana tsaye. Ni bana ba kowa shawarar sa, kafin ta gane an fara tafiya an riga an wuce maka hotuna biyu uku.

Ango da amarya suna shigowa suna tahowa wajenka, wannan motsi ne ko da a hankali suke takawa. In kana One Shot ka kulle su a mita 5, kafin ka ƙarasa dannawa sun yi taku ɗaya, fokas ya zauna a bayan kansu. Servo zaka sa.

Abinda ya fi sauƙaƙa min aiki kuma nake so kowa ya gwada shi ne raba fokas da shota, ka mayar da fokas botin ɗin baya. Kyamarori irin 70D, 80D, 7D, 5D suna da botin AF-ON, abinda ya rage ka cire fokas daga shota, a Custom Controls ka mayar da rabin shota Metering start, wato auna haske kawai. A ƙananan Canon irin 600D da 700D ka shiga Custom Functions ka nemi Shutter/AE lock button ka zaɓi AE lock/AF, botin mai alamar tauraro ya zama na fokas. A Nikon da bata da AF-ON ka nemi inda ake ba botin AE-L/AF-L aiki ka zaɓi AF-ON. Sai ka bar kyamarar a Servo ko AF-C. Abu na motsi ka danne da babban yatsa kana bi kana ɗauka, abu na tsaye ka danna ya kama ka saki, fokas ya tsaya nan ko sau goma zaka danna shota ba zai motsa ba, ko wani ya gitta ta gabanka. Kwanakin farko yatsa zai riƙa mantawa, don haka kar ka fara shi ranar aikin mutane, ka saba da shi a gida da yara suna wasa. In kuma zaka miƙa wa wani kyamarar ya ɗauke ka, ka nuna masa botin ɗin.

Ga masu zuwa hawan sallah ko filin ƙwallo, ɗigo ɗaya yana da wuyar riƙewa a kan abu mai gudu, nan ne zaka ƙara masa mataimaka. A Nikon Dynamic-area, ka fara da 9, in abin yana yawan kauce maka ka koma 21. Kai ne dai kake zaɓar ɗigon farko, na kewaye suna karɓa ne kawai in abin ya zame. A Canon masu shi, AF point expansion ko Zone. A wajen hawa irin Hawan Daushe, mahaya sun taho a guje ƙura ta tashi ga masu a ɗage ga mutane na gittawa, kar ka nemi ido, ka ɗora ɗigon a kan ƙirjin mahayi ko kayan adon gaban doki inda launi ya yi yawa, ka fara bin sa tun yana nesa kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ka fara ɗauka don kyamara ta samu lissafin gudunsa, ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8 tunda rana na nan, saurin shota kuma 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka. 3D-tracking na Nikon da launi yake bin abu, yana kyau in mutum ɗaya ne ya bambanta da bayansa, amma in tawaga ce duk rawani iri ɗaya sai ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. In lens ɗinka dogo ne mai makunnin taƙaita nisa irin 70-200mm, ka sa shi a na nesa, in ya kuskure ba zai dawo har kusa yana nema ba.

Cikin duhu kuwa, holin biki da aka kashe fitilu aka bar masu launi suna yawo, ka koma ɗigon tsakiya kawai. Na 6D da D750 suna gani har cikin duhu sosai, kamfanonin sun rubuta -3 EV, ƙananan kyamarori basu kai nan ba. Ka nemi wajen da fari ya haɗu da baƙi, bakin hula da goshi, gefen ɗankwali, gira, wuyan riga. Kumatu ko goshi zalla babu abin kamawa a kansu cikin duhu. In kana da filasha ta sama, tana da jar fitila da ke zana layuka a jikin mutum don kyamara ta samu abin kamawa, tana taimakawa ƙwarai, sai dai bata kunnawa in kana Servo ko AF-C, dole ka dawo One Shot ko AF-S. Wannan ya rikita mutane da yawa musamman waɗanda suka koma botin baya suka bar kyamara a Servo, su zata filashar ce ta lalace.

Idan ka yi duk wannan hoto bai fito ba, ka zauna ka kalli hoton da kyau kafin ka yanke hukunci. Akwai wani waje a cikinsa da ya fito ras, ko gaba da mutumin ko bayansa? In akwai to fokas ne ya sauka inda bai kamata ba. In kuwa babu inda ya fito, komai ya ɗan ja gefe ɗaya kamar an shafa, wannan girgizar hannu ce ko motsin mutum, shota ta yi jinkiri. Da 50mm kar ka sauka ƙasa da 1/100 a hannu, mutane na motsi 1/250, ka ɗaga ISO wato ƙarfin jin hasken sensa, ɗan yashi-yashi a hoto ya fi hoton da ya shafe.

In kuma kullum da lens ɗaya fokas yana sauka baya kaɗan ko gaba kaɗan, ko a tsaye ko da rana, to mun dawo kan maganar farko, sensar fokas daban sensar hoto daban. In ƙaramin madubin nan ko sensar ƙasan ta goce ko da ƙanƙanin abu ne, ko lens ɗin da jikin basu dace ba, sai kyamara ta ce ta kama alhali a kan hoton bai zauna ba. Ga yadda zaka gwada. Ka kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ka manna jarida a bango ta kwanta sosai, inda haske yake da kyau. Nisan ya zama kamar sau 50 na tsawon lens, 50mm kenan mita biyu da rabi. Ka buɗe lens gaba ɗaya, ka kashe mai hana girgiza, wato IS ko VR, ka sa taima ta daƙiƙa 2. Ka kunna Live View ka yi fokas ta sikirin ka ɗauka, wannan shi ne ma'auninka don a nan sensar hoton ce da kanta take aunawa, bata goce wa. Sai ka kashe Live View, ka juya fokas ya ɓace, ka kama ta tagar ido da ɗigon tsakiya ka ɗauka, ka maimaita kamar sau biyar kana ɓatar da fokas kowane karo. Ka kwatanta a kwamfuta. In sun yi daidai da na farkon kayanka lafiya suke. In duk sun fi shi laushi, ka jera batura biyar a tebur a karkace kowanne ya ɗan fi na gabansa nisa, ka kama na tsakiya ka ga wanne ya fito, na baya ko na gaba.

Gyaran yana menu, AF Microadjustment a Canon, AF fine-tune a Nikon, daga -20 zuwa +20. In fokas na sauka baya ka tafi wajen minus, in gaba yake sauka ka tafi plus, ka riƙa matsawa da biyar-biyar sannan ka rage zuwa ɗaya-ɗaya, kuma ka ajiye shi wa wannan lens ɗin kaɗai. 50D, 7D, 70D, 80D, 6D da 5D Mark II zuwa sama suna da shi, 60D da su 600D, 700D basu da shi. A Nikon D7000 zuwa sama suna da shi, jerin D3000 da D5000 babu, su sai dai a kai wa mai gyara. Kar ka taɓa wannan saitin sai gwaji ya nuna maka goce iri ɗaya a kai a kai, hoto ɗaya da ya kuskure a wajen biki ba hujja bace.

Live View ɗin nan ka riƙa amfani da shi wajen kaya marasa motsi, kayan talla, abinci, kayan lefe, ka zuma sau 10 ka duba da idonka. A tsofaffin kyamarori yana da nawa don laluɓe yake yi gaba da baya har ya samu, amma baya kuskure. Canon ta gyara wannan da Dual Pixel a 70D a 2013, kuma yana cikin 80D, 200D, 800D, 6D Mark II da 5D Mark IV. Masu bidiyo su sani lokacin ɗauka madubi a ɗage yake, sensar ƙasan bata ganin komai, duk ɗigo 9 ko 51 ɗin nan basa aiki, in kyamararka irin 600D ce da hannu zaka bi fokas, in bidiyo ne yawan aikinka ka nemi mai Dual Pixel da lens mai STM don motarsa bata ƙara.

Lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina, kuma sensar fokas a ƙasa take tana kallon sama, duk abinda ya faɗa cikin akwatin kanta yake sauka. In wani ɗigo da ka saba da shi ya fara ƙin kamawa, ka cika batir, ka ɗaga madubi ta menu na shara, ka kifa bakin kyamara ƙasa ka hura da robar hura iska. Banda baki, banda tsumma, kuma yatsa kar ya taɓa madubin don ƙaramin na bayansa baya son a motsa shi. Ƙarafan nan masu ruwan zinare na gindin lens da na bakin kyamara ta nan suke magana da juna, in sun yi datti fokas ya riƙa yankewa, a Canon har Err 01 take nunawa, ka goge su da busasshen ƙyalle mai laushi. In kana sa gilashin folaraiza a gaban lens ka tabbata wanda aka rubuta CPL ne, ɗaya nau'in yana rikita sensar fokas. In kuma ta hannu zaka saya, yanzu da kamfanonin suka karkata ga marasa madubi DSLR sun yi yawa a kasuwa, ka je da lens ɗinka mai buɗewa sosai da katin ajiyarka, ka gwada ɗigon ɗaya bayan ɗaya a kan rubutu, ka ɗauki abu ɗaya ta tagar ido da ta Live View ka zuma ka kwatanta a nan gaban mai shago, sannan ka leƙa menu ka ga ko mai ita na da ya bar wata lamba a cikin AF Microadjustment ko AF fine-tune, in akwai ka mayar da ita 0 ka sake gwadawa.